Kafka ta ƙofar HTTP: turawa daɗi, karantawa aiki

Inda nake aiki a nan Accra ƙaramin kamfani ne, muna riƙe wa 'yan kasuwa lissafin kuɗin da ke shigo musu ta momo, wato biya ta waya, yawancinsu mutanenmu ne na Nima da Maamobi, sai masu albasa da aka mayar Adjen Kotoku a 2021 bayan an tashe su daga Agbogbloshie. Duk biyan da ya shigo cikin Kafka muke zuba shi, wato manhajar da ke karɓar saƙonni ta jera su don wasu shirye-shirye su zo su karanta, daga can wani shiri ya tura wa ɗan kasuwa tes, wani ya haɗa lissafin yamma. Kafka ɗin nan a LinkedIn aka ƙera shi, suka sake wa duniya a 2011, kuma abin da na fi so a jikinsa shi ne karanta saƙo ba ya goge shi, yana nan zaune har kwana 7 in ba ka taɓa saitin ba.

To amma Kafka ba ya jin HTTP, wato yaren da shafukan intanet ke magana da shi, yarensa daban ne a kan TCP, fot 9092, kuma ba saba (server) ɗaya kake magana da ita ba, ka gaisa da broka ɗaya (haka ake kiran kowace sabar Kafka) sai ya miƙo maka adireshin sauran ya ce je ka same su da kanka, in kuwa sunayen cikin gida aka rubuta a advertised.listeners, saitin da broka ke shelar adireshinsa, to wanda ke waje sai dai ya yi ta ƙwanƙwasa. Mu kuma muna da wani tsohon shiri na PHP a kan hostin mai araha inda ba a barinka ka girka komai. Shi ya sa muka ajiye REST Proxy na kamfanin Confluent a gaba, furoksi ke nan, ɗan tsakani, yana saurare a fot 8082, ka yi masa HTTP shi ya je ya yi magana da brokokin.

Turawa kam ba wahala. POST zuwa /topics/ da sunan tofik, wato layin da ake zuba saƙonni iri ɗaya, ka sa Content-Type ya zama application/vnd.kafka.json.v2+json, ka jera saƙonninka kowane da key da value, ya dawo maka da lambar fatishin (ɓangaren tofik ɗin da saƙon ya faɗa) da ofset (lambar matsayinsa a jeri). Wani ƙanenmu da ya zo bautar ƙasa kafin la'asar ya gane kansa. Lambar wayar ɗan kasuwa muke sawa a key, don Kafka cikin fatishin ɗaya kawai yake tsare jeri, in ba haka ba sai ka ga mayar da kuɗi ya riga biyan zuwa.

Inda ake shan mamaki shi ne in sabis ya yanke bayan ka tura. Amsa ba ta dawo ba, ba ka san ya shiga ko bai shiga ba, shiri ya sake turawa, shikenan ya zama biyu. Kafka na da kariyar maimaici, amma tsakanin furoksi da broka take aiki, tsakaninka da furoksi babu mai tsaron ka. Wani Alhaji mai albasa ya taɓa hawowa ofis da littafinsa a hammata, sidi 800 ta fito masa sau biyu, ya buɗe shafin ya ɗora yatsa ya ce "yarana, injin naku haihuwar kuɗi yake yi ne? In haka ne ku bar min shi." Aka yi dariya amma oga bai yi ba. Tun daga nan kowane saƙo da lambar cinikinsa yake tafiya, mai karantawa in ya ga lambar da ya taɓa gani sai ya tsallake.

Karantawa, a nan ne fa aikin yake. Mun saba HTTP ba ya tuna kowa, kowace saba ta amsa maka ɗaya ne. Nan ba haka ba ne. Sai ka fara POST zuwa /consumers/ da sunan rukunin masu karatunka, furoksi ya buɗe maka mai karatu a cikin ƙwaƙwalwarsa ya ba ka base_uri, wato adireshinsa, ka yi rajistar tofik, sannan ka dinga GET kana ɗiba, kuma GET na farko sau da yawa fanko yake dawowa don rabon fatishin bai gama ba, kada ka ce abin ya lalace. Mai karatun nan a cikin furoksi guda yake zaune, kamar mai susu ne, wato mai karɓar adashe, wanda ke riƙe da katinka shi kaɗai ya san inda ka tsaya, in ka tare wani a hanya zai ce bai san ka ba. Ranar da aka ƙara furoksi na biyu aka sa mai raba lodi a gabansu, rabin buƙatun 404 suka dinga dawowa da shi, lambar kuskure 40403, wai babu mai karatun. Ga kuma ƙa'idar minti 5, in ka yi shiru haka furoksi ya share shi, shirin namu kuwa duk minti 10 yake farkawa, kullum sai ya tarar da wuri wayam. In kuma shirinka ya mutu bai yi DELETE ba, mai karatun na nan riƙe da fatishin ɗinsa har lokacin ya cika, saƙonni na taruwa ba mai ɗiba, 'yan kasuwa na kira ina tes ɗinmu.

Ni dai ra'ayina su kansu Confluent masu abin sun san da haka, don API ɗinsu na v3 akwai turawa akwai sarrafa tofik, amma karatu har yanzu v2 kake komawa.

Sauran ƙanana ne. In danyen bayani za ka tura sai an naɗe shi da base64, wato a mayar da shi haruffa, girmansa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, a kan data ta waya ana ji a aljihu. Kuma furoksin yadda ya zo ba ya tambayar kowa kalmar sirri, wlh duk wanda ya ga fot 8082 a buɗe zai iya rubutu cikin tofik ɗinka, mu nginx, wata saba mai tsaron ƙofa, muka sa a gabansa da TLS mai ɓoye bayanai a hanya.

Yanzu yadda muke, PHP na turawa ta HTTP abinsa, karatun kuma mun ba wani ɗan shiri na Python da ke zaune gida ɗaya da brokokin yana yin yarensu kai tsaye, mun kashe masa adana ofset na kai-da-kai, sai ya rubuta biyan a rumbun bayanai tukuna yake gaya wa Kafka ya wuce wajen.