Shakazobar da na zaɓa wa Injiniya

Aikina a wurin sayar da motoci shi ne oda. Mutum ya faɗi motar da ransa ke so, in nemo masa ita daga Amurka, in bi sawunta har ta sauka Legas a ɗoro ta a tirela zuwa Kano. Kullum Camry ce da Highlander, har mutum ya gaji. Ran nan sai ga wani injiniya matashi, wai Mazda MX-5 yake so, 'yar ƙaramar nan mai kujera biyu da ake buɗe rufinta. Tun 1989 ake sayar da ita, a Hiroshima ake ƙera ta, amma ni ban taɓa odarta ba. Ta kasuwar Japan sitiyarinta a dama yake, mu kuwa na hagu muke amfani da shi, don haka Amurka muka nufa.

A can muka tarar da zaɓi biyu. Akwai samfurin Sport, mai shakazoba ta gama-gari da wili inci 16. Akwai Club mai giyar hannu, wadda ke zuwa da shakazoba mai tauri ta kamfanin Bilstein, wili inci 17, da na'urar da ke hana tayar baya ɗaya ta riƙa juyawa a banza idan ta rasa riƙo. Ya ce, "Malam, wacce ka gani?" Ko numfashi ban ja ba na ce, "Ranka ya daɗe, Club." Kwana uku na yi ina kallon Turawa a YouTube suna shan kwana da ita a filin tsere. Kuma tsakani da Allah, la'adata ta fi kauri a kan Club ɗin, ko da yake a lokacin ban yarda wannan na cikin lissafina ba.

Abin da ban tsaya na fahimta ba shi ne aikin shakazoba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Ita shakazoba hana motar lilo take yi bayan ta taka rami: mai ne a cikinta, ana tura shi ta wasu ƙananan kafofi. Idan aka saita ta da tauri, mota ba ta yawan karkata a kwana, sitiyari yana jin magana nan take, amma duk tsakuwar da taya ta hau sai ƙugunka ya sani. Ga motar ba nauyi, tan ɗaya ce da 'yar ɗoriya.

Cikin Agusta ta iso, damina ta kankama. A titin Zariya da sassafe, masha Allah, kamar an manne ta da kwalta. Sai dai gidan Injiniya a cikin wani layi yake da ba kwalta, ruwa ya zaizaye shi ya bar kwari-kwari. Sau biyu uwargidansa ta shiga ta ce a kai kasuwa. Shi kuma bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Na kai kuka wurin wani dattijon makanike da muke hulɗa da shi a Ƙofar Ruwa. Ya danna gefen motar da hannu biyu, ta ɗago ta tsaya cak. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya auna da tafin hannunsa.

"Ɗana, ka je ka ga ƙofar gidansa kafin ka yi odar?"

"Ban je ba, Baba."

"To ka zaɓa wa hanyar wasu mota."

Na ce a canza mata mai laushi. Ya ce za ta rage jijjiga, amma kar in haɗa tauri da tsayi: ko an canza, cikinta na nan kusa da ƙasa, tudun rage gudu sai an hau shi a karkace. Sannan ya nuna mini shagunan da ke jere, shakazobar Corolla da Golf an rataye su kamar kilishi. Ta wannan motar kuwa, mai taurin ko mai laushin, sai an sake oda an jira.

Injiniya ya ƙi a taɓa ta. Yanzu ran Lahadi kawai yake fito da ita, sauran kwanaki yana cikin tsohuwar Corollarsa. A takardar odata na ƙara layi ɗaya a sama da launi da kuɗi, unguwa da layin gida, kuma nakan hau mashin in je in gani da idona.