Darussan da na koya game da kwamfutar da aka cusa a lungu

Kuskuren da ya fi ciwo a aikin haɗa kwamfuta shi ne a gwada kwamfuta a sarari, a ga zafinta lafiya lau, sannan a tura ta cikin kabad ko ramin tebur, a rufe ƙofa a tafi. Duk wanda ya daɗe yana haɗa kwamfutocin tebur ya san inda abin ke ƙarewa. Fankoki su yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, aiki ya yi nauyi, wata rana ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Daga nan sai laifi ya dawo kan mai haɗawa, a ce kayan da ya zaɓa ne marasa kyau, alhali shugaban da ba ya son ganin wayoyi a fili shi ya dage a ɓoye ta. Zargin nan bai dace ba, amma gardamar baki ba ta kau da shi. Lissafi ake kawowa tun kafin a ɗaure sukuri ko ɗaya.

Duk wutar da kwamfuta ta ja, zafi take komawa. Wadda ke cin wat 300 daidai take da hita mai wat 300 da aka kunna a cikin akwatin katako. Fanka kuwa ba ta shanye zafi, kwashe shi take yi daga nan zuwa can. Idan wurin a rufe yake, iskar da ta fita ta baya za ta bugi katako, ta kewayo ta shiga ta gaba da ɗuminta, ta sake ɗebo wani zafin. Kowane digiri ɗaya da iskar shiga ta ƙaru da shi, kusan digiri ɗaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke ƙarawa. Wadda ta tsaya a digiri 75 na Celsius a kan tebur za ta kai 95 in iskar kabad ta ɗara ta ɗaki da 20. A 95 ɗin ne yawancin furosesan AMD na jerin Ryzen 7000 ke fara rage gudu don kare kansu, yawancin na Intel kuma a 100. Ɓarnar da ba a gani ta fi wannan: kafasitoci, ƙananan kayan da ke ajiye caji a cikin na'urar rarraba wuta, wato PSU, rayuwarsu kan ragu da kusan rabi a kowane ƙarin digiri 10.

Ga yadda ake gane yawan iskar da wurin ke buƙata. A ninka wat sau 3, a raba da digirin da aka yarda iskar kabad ta ɗara ta ɗaki. Wat 300 da digiri 10 sun ba da mita kubik 90 a awa, kusan CFM 53, wato ƙafa kubik 53 a minti. Fanka mai milimita 120 a takarda takan kai CFM 50 zuwa 70, to amma wannan awon sarari ne. Da zarar an sa mata raga da matatar ƙura, sai ta yi ƙasa sosai. Shi ya sa ban yarda da fanka ɗaya ga irin wannan kwamfuta ba. Biyu ake sawa, su juya a hankali, ƙara ma ta ragu.

Abu mafi sauƙi shi ne a cire katakon bayan kabad ɗin gaba ɗaya. In an ƙi, a huda sama ta baya a kafa fankokin fitarwa, a buɗe mashiga a ƙasa ta gaba wadda faɗinta bai gaza na mafitar ba. Mafita ba tare da mashiga ba aikin banza ne, fankar za ta yi ta juyi ba abin da take ja. A bar santimita 10 zuwa 15 tsakanin bayan kwamfuta da bango, da aƙalla 5 a duk gefen da ke da raga. Inda wuri ya matse har hakan bai samu ba, a toshe ratar gefe da sama da soso ko siririn katako, don iskar baya ta rasa hanyar komawa gaba. Wannan ɗan shinge kan yi abin da sabuwar na'urar sanyaya mai tsada ba za ta yi ba, domin ko mai ruwa ce, cikin kabad ɗin nan dai za ta zubar da zafinta.

Gwaji kuwa a inda kwamfutar za ta zauna ake yin sa, ƙofa a rufe yadda mai ita zai riƙa rufewa. A buɗe manhajar duba zafi HWiNFO, a ɗora wa kwamfutar manhajojin gwaji masu nauyi Cinebench da FurMark tare na minti 30 ko fiye, domin minti biyar ba sa isa katako da iskar ciki su ɗau zafi. A ajiye ma'aunin zafi ɗaya a bakin mashiga, ɗaya a tsakiyar ɗaki. In tazararsu ta wuce digiri 5 tana ci gaba da hawa, iska na kewayawa. A buɗe ƙofa a ga ko zafin ya faɗo cikin 'yan mintuna. Idan ya faɗo, man ɗauke zafi da ake shafawa a kan furosesa ba shi da laifi, kada a ɓata lokaci wajen canza shi.

Sauran darussan gajeru ne. Fanka na hura iska ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe motarta suke, a duba kafin a ɗaure. A akwatin kwamfutar kanta, iskar shiga ta ɗan fi ta fita yawa, ta bi ta matata, ƙura za ta ragu. PSU mai fanka a ƙasa ba a ɗora shi a kan kafet sai da katako. Katin hoto, wato na'urar sarrafa hoto, wanda fankokinsa suka manne da murfi yana shaƙewa, kuma rage masa iyakar wuta zuwa kashi 80 cikin 100 na sauke zafi sosai, gudun da ake rasawa kaɗan ne. Wajen hure ƙura a kashe wuta, a riƙe fukafukan fanka da yatsa.

In an yi duk wannan bayani shugaba ya ce sai an rufe ta a haka, a rubuta awon ƙofa a buɗe da na ƙofa a rufe, da kwanan wata, a tura masa a rubuce, a ajiye kwafi.