Wasiƙa daga Bronx: wa ake kira idan ɗumi ya ɗauke?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da hidimomi? Mu nan Niyok sai godiyar Allah.

Masu shirin tahowa sukan tambaye ni batun biza da aiki da kuɗin haya, wasu har da inda ake sayen naman halal. Ba kasafai ake samun mai tambayar wanda zai kira in ɗumin gida ya ɗauke da tsakar dare a watan Janairu ba. Wannan tambayar kuwa nake so in amsa yau, domin sanyin garin nan ba irin hunturunmu ba ne da ake kashe shi da bargo biyu da shayi. Ruwa yakan daskare a cikin bututu har ya fasa shi.

A gida an san yadda ake yi. Esi ko firji ya tsaya, ka tambayi maƙwabci, ya ba ka lambar wani yaro, ya iso a kan babur da jakar kayan aiki, ku yi ciniki, ya gyara. In bai yi ba, gobe ka same shi a shagonsa. A nan kafin ka nemi wanda ya iya, sai ka fara sanin haƙƙin wa ne. Yawancin mutanenmu a Bronx, wani yanki na birnin Niyok, 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da Nima na ƙasar Gana da mu 'yan Najeriya, haya muke yi a dogayen gine-gine. Boila guda ce a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take tafasa ruwa, tururi ya bi bututu ya hau zuwa lagireton kowane ɗaki. Ɗan haya ba shi da hurumin taɓa ta, ba shi kuma zai biya kuɗin gyaranta ba. Doka ta ɗora wa mai gida. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare, idan sanyin waje ya yi ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Farenhait, wajibi ne cikin ɗaki ya kai 68, wato digiri 20 a lissafinmu na Selshiyos. Da dare kuwa kada ya gaza 62, ko yaya waje yake. Ruwan zafi kuma duk shekara ne.

Saboda haka mutum na farko da za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa shi ne sufa, mai kula da ginin. Idan ya ce "gobe", goben ta zama jibi, ka aika wa mai gida saƙo a rubuce ka adana shi. In shiru ta yi yawa, ka buga 311, lambar kai kuka ta birni. Suna haɗa mutum da tafinta, ba sa tambayar takardun zama, kuma hukumar gidaje ta HPD tana tura sufeto da ma'aunin zafi ya duba. Tarar da ake ci mai gida kullum take ƙaruwa, shi ya sa mutumin da ya yi mako yana waƙa yakan turo mai gyara kafin la'asar.

A nan ne mutanenmu suke faɗuwa, kuma kunya ce da kawaici suke kayar da mu. Mutum ya ce ba ya son rigima da mai gida, ko yana tsoron a binciki takardunsa, ko dai a ce ya cika ƙorafi. Sai ya yi dabara. Ya sayo ƙaramar hita ta lantarki ya bar ta a kunne dare da rana, ko uwargida ta buɗe obin na gas ta bar shi yana ci don ɗaki ya yi ɗumi. Ranar 9 ga Janairu, 2022, wata hita irin wannan ta kama da wuta a wani gini mai hawa 19 da ake kira Twin Parks, nan cikin Bronx. Ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ba ta rufu ba, hayaƙi ya cika matattakala. Mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Hayaƙi ne ya kashe su. Allah ya jiƙansu da rahama. Obin kuwa iskar kabon monoksaid yake iya cika ɗaki da ita, wadda ba ta da wari ba ta da launi, sai ciwon kai da kasala da barcin da ba a tashi. Ita ce dai take kashe iyali guda a gida in an kwana da janareta a soro ko kaskon gawayi a ɗaki rufe, a wayi gari ana cewa an ci guba ko an yi musu sammu. Don Allah wannan ku ma ku riƙe.

Wanda Allah ya hore wa ya sayi gida kuwa, a nan ko a ƙetaren kogi wajen Newark, shi ne mai gida shi ne sufa, neman mai gyara ya dawo kansa. Kowa Google yake fara shiga, amma sunayen da suke fitowa a sama talla ce aka biya. Wasu ma ba masu gyara ba ne, dillalai ne, su karɓi lambarka su sayar wa duk wanda ya taya, kafin magariba wayarka ta gaji da ruri. Ni na fi yarda da tambaya a masallaci bayan Juma'a ko a zauren WhatsApp na 'yan gari, a ji wanda ya yi wa wani aiki bara, kuma aikin yana nan. To amma shaidar 'yan'uwa rabin magana ce. Sauran rabin lasisi ne da inshora. A birnin nan aikin bututun gas sai fulamba mai babban lasisi daga Sashen Gine-gine, kuma ana iya duba lambar lasisinsa a shafinsu na intanet kyauta. Akwai ɗan'uwa haziƙin gaske da ya koyi aiki a gida, hannunsa yana da kyau, kuɗinsa da sauƙi, kana kuma son ka taimake shi. Ba shi fenti, ba shi haɗa fanka. Kada ka ba shi gas. A watan Maris na 2015 wani gini ya fashe a unguwar East Village ta Manhattan saboda jonin gas na ɓoye, mutum biyu suka mutu, mai ginin da ɗan kwangila suka ƙare a kurkuku. Araha ba ta ado.

Ko mai lasisin ma ba waliyyi ba ne. Zuwansa kawai kuɗi ne, tun bai kunce ko ƙusa ɗaya ba, da dare ko ranar hutu kuwa abin ya fi haka, don haka tun a waya ka tambaya ko kuɗin zuwan zai shiga cikin na gyara. Wasu kamfanoni suna ba ma'aikacinsu la'ada a kan sabon injin da ya sayar, shi ya sa zai leƙa sau ɗaya ya girgiza kai ya ce wannan ai ya gama yawo. Ka ce ya nuna maka wurin da idonka, ya rubuta farashi a takarda, sannan ka ji ta bakin wani. Wanda ya ce sai yau ɗin nan ko farashi ya tashi, sallame shi. Masu wayo a Satumba suke kira a duba musu boila, lokacin da masu gyara suke zaman jiran aiki. Ranar da ƙanƙara ta sauka kowa layi yake bi. In kuwa warin gas ka ji, wannan ba ta mai gyara ba ce, ku fice daga gidan, kada a taɓa makunnin wuta, a kira 911, lambar agajin gaggawa, daga waje. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya nemi shirin gwamnati na HEAP, yana tallafawa da kuɗin ɗumi, har da gyaran boila ga wanda ya cancanta.

Batun esi ya fi sauƙi, ko da yake zafin Yuli da Agusta a nan mai gumi ne, ya fi kama da na Legas, kuma yana kashe tsofaffi a ɗakunan da ba sanyi. Mu 'yan haya na taga muke saye da kuɗinmu, in ya mutu sau da yawa sabo ya fi gyara araha. Kafin ka kira kowa, ciro matatarsa ka wanke, rabin matsalar ƙura ce. A manyan esi masu sanyaya gida duka kuma sau da dama kafasita ce take mutuwa, 'yar ƙaramar aba mai sauƙin kuɗi, ba kwamfiresa ba.

Ga wata magana da na ji a Kano na kuma ji a nan da wani harshe: "gas ne ya ƙare." Gas ɗin esi ba fetur ba ne, injin ba ya shan sa, zagaye yake yi a rufaffen bututu. Idan ya ragu, wani wuri ne yake yoyo. Mai gyaran da ya ɗura maka ya karɓi kuɗi bai nemi hujin ba, zai dawo baɗi, ko kafin azumi ya fita. A Amurka ba a yarda kowa ya taɓa wannan gas ba sai mai shaidar hukumar muhalli ta EPA, kuma tun 1 ga Janairu, 2020 aka hana ƙera ko shigo da tsohon nau'in R-22 saboda illarsa ga sararin samaniya. Wanda aka adana ko aka tace ake sayarwa yanzu da tsada, don haka mai tsohon inji ya yi lissafi kafin ya ɗura.

Masu rubuto mini in sako musu esi a kwantena kuwa, ku yi haƙuri. Yawancin na taga a nan da lantarki mai ƙarfin bolt 120 suke aiki, naku ya ninka haka, kuna jonawa zai ƙone. Gara in turo kuɗin ku saya a Sabon Gari, inda za ku samu mai gyaransa da kayan gyaransa a layi ɗaya.

A gaishe da kowa da kowa, a kuma sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Bronx