Harriet Tubman da waɗanda suka buɗe mata ƙofa

A makon nan na karanta tarihin mutanen da suka taimaka wa bayi tserewa daga kudancin Amurka, kuma har yanzu labarin Harriet Tubman bai bar zuciyata ba. Ta gudu daga bauta a jihar Maryland a 1849, ta isa birnin Philadelphia da ke arewa, inda babu bauta, lafiya, amma ta riƙa komawa a ɓoye, kusan sau 13, har ta fito da mutane kimanin 70, ciki har da iyayenta da suka tsufa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne dokar kamo bayin da suka gudu ta 1850. A ƙarƙashinta, duk wanda ya ɓoye bawa yana iya fuskantar tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida, jami'in da ke yanke hukunci kuwa dala 10 ake biyansa idan ya mayar da mutum bauta, dala 5 idan ya sake shi. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Duk da haka Thomas Garrett, wani mai yaƙi da bauta a birnin Wilmington na jihar Delaware, wanda kotu ta riga ta ci tara mai nauyi a 1848 saboda taimakon bayi masu gudu, ya ci gaba da sauke masu gudu a gidansa, ita kuma Tubman ta koma raka mutanenta har Kanada, inda dokar ba ta aiki.