Taraktar da ta ƙi tashi bayan ruwa

Shekarata biyu ina koyon kanikanci lokacin da maigidana ya fara tura ni aiki ni kaɗai, kuma abin da ya fara faɗo mini shi ne wata tsohuwar tarakta da ta ƙi tashi. Ferguson ce mai shan fetur, irin TE20 ɗin nan masu ruwan toka da aka yi ta ƙerawa a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956. An ƙera fiye da rabin miliyan, shi ya sa har yau ba a rasa su a gonaki. Mai ita ya ce lafiya lau ya ajiye ta a fili, aka yi kwana shida ana ruwa, a na bakwai ya zo ya kunna, ta ce ba ta san zancen ba.

Na isa da ƙarfin gwiwata. Na kunna, injin ya juya, bai kama ba. Na ja cok na sake kunnawa. Na yi ta yi har warin fetur ya cika wurin, batir kuma ya fara ja da ƙyar. Sai na yanke hukunci cewa ruwa ya kashe kayan wuta, na sa aka kawo sabon koyil da sabuwar kwandansa da fulogi huɗu, na zauna na canza su duka a zama ɗaya. Na kunna, shiru. Sau ɗaya ma ta yi wata ƙara, ta tofo wuta ta bakin kafireta, abin da ba ta yi ba kafin in taɓa ta. Da la'asar na haƙura na kira maigida.

Da ya zo bai taɓa sifana ba. Ya zagaya taraktar sau ɗaya, ya tsaya ya dube ni.

"Yaro, da ka fara kunna ta, me ta ce maka?"

"Maigida, ƙin tashi ta yi."

"Na sani. Mai ita ma haka ya ce, kuma shi ba makanike ba ne. Injin ya juya ko bai juya ba? In ya juya, da sauri ko da nauyi? Ta yi tari ko shiru ta yi?"

Amsar tana bakina, amma ban taɓa ɗaukar ta a matsayin wani abu mai amfani ba. Ashe ƙin tashi iri-iri ne. Injin da bai motsa ba sam, ko ya yi ƙas sau ɗaya ya tsaya, maganarsa tana wajen batir da wayoyinsa da kik, ko kuma wani abu ya riƙe shi daga ciki. Wanda yake juyawa da kyau amma ko tari ba ya yi, galibi wuta ce babu. Wanda yake kamawa ya mutu, ya sake kamawa ya mutu, a fara zargin mai. Tawa ta juya da kyau kuma ta yi shiru, don haka a nan ban yi nisa da gaskiya ba. Inda na ɓata shi ne ban gwada komai ba kafin in fara kwancewa.

Kafin mu je ga wutar, ya nuna mini salansa. An canza mata ita zuwa mai tsayuwa sama, bakinta a buɗe yana kallon gajimare. Ya tambaye ni ko na duba ta kafin in kunna. Ban duba ba. Ya sa na cire fulogin nan huɗu da na ɗaura, muka juya injin babu su, yana kallon ramukan. Ba abin da ya fito sai ƙurar fetur ɗin da na cika silinda da shi. Sa'a na yi, mai taraktar ya kifa gwangwani a bakin salansar, sai da safen nan ya cire. Da ruwan kwana shida ya bi ta nan, zai gangara ya tarar da bawul ɗin da ya kwana a buɗe ya shige silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In fistin ya taso ya tarar da ruwa a samansa, ko injin ya tsaya cak, ko ƙarfen da ke haɗa fistin da kuranshaf ya lanƙwashe. Bayan shekaru na ga irin wannan ƙarfen da idona, ya karkace kamar an taka shi, kuma gyaran ya kai ga sauke injin gaba ɗaya. Tun daga ranar, duk injin da ya kwana a ruwa, salansa nake fara dubawa, sannan in zaro sandar gwajin baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an dama shi, ko ya haura alamar da aka saba, ruwa ya shiga, ba a kunnawa sai an zubar.

Sai muka koma kan wuta, kuma a nan ne aka daɗe. Ya zare babbar wayar da ke fitowa daga koyil, ya riƙe ta da filaya mai roba, ya kusantar da bakinta kamar milimita 6 daga jikin injin, ya ce in kunna. Ba tartsatsi ko ɗaya. Wato sabon koyil ɗina bai canza komai ba. Ya ɗauko ƙaramin ƙwan gwaji mai waya biyu, ya maƙala ɗaya a ƙafar koyil da ke tafiya zuwa distiributa, wato abin da ke rarraba wuta ga fulogi, ɗaya a jikin injin. Ya ce in lura: idan kwantak, ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa, ya buɗe ƙwan zai kama, idan ya rufe ƙwan zai mutu, don haka in injin na juyawa ya kamata ya riƙa ƙyaftawa. Na kunna. Ƙwan ya kama ya tsaya ƙyam, bai ƙyafta ko sau ɗaya ba.

Wannan ƙaramin ƙwai ya faɗi abubuwa biyu a lokaci guda. Wuta tana isowa daga batir ta ratsa makunni ta ratsa koyil, duk wannan ɓangaren lafiya yake. Kwantak ne ba ya kai wutar ƙasa ko da ya rufe. Aikin koyil kuwa gaba ɗaya ya dogara ne da wannan rufewa da buɗewa: in kwantak ya rufe, koyil ya tara ƙarfin maganaɗisu, in ya buɗe farat ɗaya, ƙarfin ya rushe ya haifar da wuta mai kai volt 15,000 zuwa 20,000 daga batir mai volt 6 ko 12. In babu rufewar kirki, ko koyil na zinariya ka ɗaura ba zai ba da komai ba.

Muka ɓalle murfin distiributa. Cikinsa ya yi raɓa, ɗigo-ɗigo kamar gumi. Ba sai ruwan sama ya shiga kai tsaye ba, iska mai laima ce ke shiga, dare ya yi sanyi, ta zama ruwa a jikin murfin. Fuskokin kwantak biyu kuma sun yi wani dafi-dafi mai toka-toka, siririn tsatsa da ido ba ya ɗauka da muhimmanci amma ya isa ya tare volt 12. Ya goge su da ƙaramin magagari, ya ja farar takarda mai tsabta a tsakaninsu har ta daina fitowa da datti, ya saita tazarar a inci 0.015, kusan milimita 0.4. Muka sake gwadawa, ƙwan ya fara ƙyaftawa, wayar koyil ta ba da tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas.

Ni a raina an gama. Shi kuwa ya ɗauki murfin ya share shi da busasshen ƙyalle, ya juya shi a hasken rana, ya miƙo mini. Akwai wani siririn layi baƙi, kamar an ja da fensir, daga tsakiyar murfin zuwa ɗaya daga cikin ƙafafunsa. Tsaga ce, kuma wuta ta daɗe tana bi ta nan har ta ƙona hanya. Wuta mai ƙarfi ba ta da biyayya, inda ya fi sauƙi take bi. A lokacin rani tsallaka bakin fulogi ya fi mata sauƙi, sai injin ya yi ta aiki ba wanda ya san da tsagar. Da laima ta kwanta a cikin layin, sai ya zama mata titi. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji maigida, yana jefa murfin cikin akwatin kaya. Wannan ne abin da ya fi zauna mini a duk ranar. Na zo da tunanin ruwa ya lalata taraktar, alhali murfin ya tsage tun kafin damina, kwantak ya daɗe ba a goge shi ba. Duk abin da muka samu a ranar tsohon ciwo ne, ruwa ya tona shi kawai. Kuma abu ɗaya da ya cancanci a saya, murfin distiributa, shi ne ban saya ba.

Da aka kawo wani murfin, na mayar da wayoyin fulogi yadda na bar su, na kunna. Ta sake tofo wuta ta kafireta. Maigida ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi. Wannan injin yana ba da wuta ne a jere 1-3-4-2, ni kuma garin canza fulogi na zare wayoyi huɗun a lokaci guda, na musanya biyu. Ke nan na zo na tarar da matsala biyu na ƙara ta uku da hannuna, kuma da a ce sabon koyil ɗin ya gyara wani abu ma, ba yadda za a yi in gane, don na riga na toshe hanyar ganewa. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi in riƙa cire waya ɗaya, in gama da ita in mayar, sannan in taɓa ta gaba.

Ta tashi. Ta yi kamar rabin minti tana aiki, har mai ita ya fara washe baki, sai ta fara tari, ta mutu.

Wannan karon ban jira an tambaye ni ba, na ce mai ne. A ƙarƙashin tanki akwai ɗan kofin gilashi da fetur ke bi ta ciki kafin ya tafi kafireta, aikinsa tara datti da ruwa. Tun safe yake gabana ban kalle shi ba. Da na duƙa, ga layi a fili: fetur a sama, ruwa a ƙasa, don ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa gauraya. Muka rufe famfon mai, muka zubar da kofin, muka kwance ƙusar da ke gindin kafireta muka tsiyaye ta a kwalba har sai da fetur zalla ya riƙa fitowa. Robar murfin tankin ta bushe ta farfashe, ta nan wani ruwan ya shiga. Saura kuma tankin da kansa ya haifar, don tankin da aka bari rabi iska ce cike da sauran rabin, kuma raɓar da ta kwanta a murfin distiributa ita ce ke kwanciya a bangonsa ta gangara ƙasa. Muka duba matatar iska, irin mai kwanon baƙin mai a gindi, ita ma ruwa ya taru a ƙarƙashin man. Muka wanke muka zuba sabo.

Batir dai na riga na gajiyar da shi, sai da aka yi masa caji. Mai volt 12 in ya cika yana nuna wajen 12.6, in ya sauka 12.2 ya kai rabi, kuma in ana kunnawa ya faɗi ƙasa da 9.6 to kik ya shanye wutar, koyil ba ya samun abin kirki. Sau da yawa ma batir ɗin lafiyarsa ƙalau, kan sandunansa ne suka yi gishiri, ko wayar da ke haɗa shi da jikin tarakta ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta. Maganin fesawa irin WD-40 yana taimakawa wajen korar laima daga murfi da wayoyi, don asalin abin da aka yi shi dominsa ke nan tun 1953, amma ba ya ɗinke tsaga, kuma ni ba na fesa shi a kan fuskar kwantak.

Akwai abu ɗaya da maigida ya ɗaga murya a kansa, shi kaɗai a duk ranar. Da batir ya yi sanyi na ɗauko sukudireba zan haɗa kik kai tsaye ina tsaye a ƙasa, gaban babbar taya. Ya daka mini tsawa. Ferguson ɗin nan da sandar giya ake tayar da kik ɗinta, an yi haka ne musamman don kada ta tashi tana cikin giya. Wanda ya tsallake wannan da sukudireba ya cire kariyar, kuma tarakta in ta kama a giya ba ta jira, tayar baya ce za ta bi ta kansa. Laima tana ƙara haɗarin, domin farantin kuloci kan manne da tsatsa in tarakta ta daɗe a jiƙe, ka taka kuloci har ƙasa amma bai saki ba.

Daga baya na fi yin aiki a kan masu dizal, irin Massey Ferguson 135 mai injin Perkins silinda uku. Su ba su da fulogi ko distiributa, zafin matsa iska ne ke kunna man, don haka rabin labarin nan bai shafe su ba. Sauran rabin kuwa ya fi tsanani a wajensu. Injin dizal yana bukatar juyawa da sauri kafin ya kama, batir mai rauni ba ya tayar da shi. Ruwa a cikin dizal yana cin famfon injekta da nozul, kayan da aka ƙera da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. In ka zubar da ruwan filta kuma, sai ka fitar da iskar da ta shiga bututun, in ba haka ba za ka kwana kana kunnawa. Matsin silindarsu ya ninka na mai fetur, shi ya sa ruwa kaɗan ta salansa ya isa ya yi ɓarna.

Kafin mu bar gonar a ranar, taraktar tana ta aiki, maigida ya ce in kashe ta. Ya sa na cire sabon koyil da sabuwar kwandansa, na mayar da tsofaffin da na yanke wa hukunci da safe. Na kunna, bugu ɗaya ta tashi. Ya ce in nannaɗe sababbin in kai wa mai taraktar, in kuma gaya masa da bakina dalilin da ya sa ya saye su.