Koren labulen da ya biyo amarya cikin mayafi

Duk mai haɗa katin gayyata ko fileks na biki a Kano ya san cewa rabin aikin yana tafiya ne wajen ciro ango da amarya daga hoton da aka kawo, a ɗora su a kan sabon bango. Tun da kamfanin Adobe ya saka wa Photoshop, manhajarsa ta gyaran hoto, maɓallin da ke zaɓo mutum da dannawa ɗaya a farkon shekarar 2018, sannan ya ƙara masa ƙwarewa a kan gashi a 2020, da yawa daga cikinmu muka jingine alƙalamin zana layi, muka bar wa manhaja aikin. Idan namiji ne sanye da kaftani da hula a gaban bango mai launi ɗaya, ba ni da ƙorafi a kan maɓallin nan ko kaɗan. Inda ya kai ni ya baro shi ne mayafi.

Aikin fileks ne na wurin kamu, ƙafa takwas a tsaye da ƙafa goma a kwance, wanda za a kafa a bayan kujerun ango da amarya. Abokin ango ne ya turo hoton ta WhatsApp. Amarya tana sanye da leshi ruwan zinare mai ƙananan furanni kore, farin mayafi shara-shara ya sauko daga gwaggwaronta ya baje a kafaɗa, ragowarsa kuma ya zubo gefe yana reto, a bayansu akwai labulen situdiyo kore shar. Bangon da dangi suka zaɓa ja ne mai duhu. Na danna maɓallin, ya zagaye su tsaf, na gyara gefen hular ango da tsakanin yatsun amarya, na duba aikin a kan farin shafi yadda na saba, ban ga wani aibu ba, na tura wurin bugawa.

Yaron da ke kan injin ne ya kira ni, ya ce: "Yallaɓai, gara ka zo ka gani da idonka kafin mu naɗe." Da na isa, yayar mahaifin amarya ta riga ni, domin ita ce za ta karɓi kayan. Ta nuna gefen mayafin da yatsa ta ce: "Ɗana, wannan gansakuka ce ta tsiro wa 'yata a mayafi?" Ba ni da amsar da ta wuce: "Hajiya, ki yi haƙuri, za a sake." Duk inda mayafin ya bar jikin amarya ya zubo gefe, kore ne ya cika shi, kuma da yake an ɗora shi a kan ja, sai koren ya ƙara fitowa fili, domin launukan biyu kishiyoyin juna ne. Masu bugawa da ƙafa suke lissafin kuɗinsu, kuma ba su yi laifin komai ba, saboda haka bugu na biyu daga aljihuna ya fito, ribar aikin ta tafi har da ƙari.

Abin da ya fi ba ni haushi, kuma har yanzu yana ba ni, shi ne cewa maɓallin bai yi kuskure wajen gano iyaka ba. Ya bi bakin mayafin daidai. Matsalar ita ce labulen yana cikin mayafin kansa, ana hango shi ta ramukan saƙar, don haka babu wani layi da za a zana wanda zai raba su. Kowane fiksel a wurin, wato kowane ɗan ɗigo daga cikin waɗanda suka haɗu suka zama hoton, gauraye ne, wani kaso zare, wani kaso labule. Ɗigo-ɗigon layin nan da ke yawo a gefen abin da aka zaɓa shi ma yana ruɗar mutum, domin iyakar da yake nunawa ita ce inda zaɓin ya kai rabi, ba ya gaya maka ko fiksel ɗin da ke ciki an ɗauke shi gaba ɗaya ne ko kashi sittin cikin ɗari. Mutum yana kallon layin ya rufe, sai ya ɗauka aiki ya kammala.

Girman bugun kuma ya tona sauran asirin. Hoton da ya iso wayata tsawonsa fiksel 1600 ne, saboda WhatsApp ya matse shi a hanya. Da aka miƙe shi ya kai ƙafa shida, wato inci 72, kowane inci ya samu fiksel 22 kacal, ke nan siririn koren da ya rage a gefen kafaɗar ango, wanda faɗinsa bai wuce fiksel uku ba, ya zama zare mai kauri fiye da milimita uku a kan fileks. A allon kwamfuta, inda nake kallon hoton a ƙanƙance don ya shiga gaba ɗaya, ido ba zai taɓa kama shi ba.

Gyaran ya cinye mini dare. Na fara da neman asalin hoton daga mai situdiyo, na roƙe shi ya turo shi a matsayin fayil, kada ya bi ta hanyar tura hoto ta yau da kullum. Jikin ango da na amarya na bi su da alƙalami, na ɗan sassauta gefen da rabin fiksel, wannan ba wani abin labari ba ne. Mayafin kuwa na ware shi a kan leya tasa daban, wato shimfiɗa ɗaya daga cikin shimfiɗun da ake jerawa a kan juna su zama hoto. Na buɗe canel uku na hoton, wato rabe-raben launin da suka haɗu suka ba da shi, ja da kore da shuɗi, ina neman wanda zaren ya fi haske a cikinsa labulen kuma ya fi duhu. Canel ɗin kore bai da amfani, domin a cikinsa labulen da mayafin duka haske suke yi. Canel ɗin ja ne ya raba su sosai. Na kwafe shi, na ja matakan haskensa har labulen ya koma baƙi, amma ban bari zaren ya koma fari fat ba, sannan na mayar da shi maski, wato marufin da ke nuna inda leya za ta bayyana da inda za ta ɓuya. Nan ne na ga amfanin abin da na daɗe da sani ban ɗauke shi da muhimmanci ba: maski yana da matakai 256, daga 0 zuwa 255, baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa, duk abin da ke tsakani kuma yana bayyanawa ne gwargwadon haskensa. Mayafi gaba ɗayansa a wannan tsakanin yake zaune. Da na kunna jan bangon, sai ga shi yana leƙowa ta cikin saƙar yadda labulen yake yi a da.

Akwai tarko biyu a nan da ya kamata a kiyaye. Ɓangaren mayafin da ya kwanta a kan wuya da kafaɗa dole ne maskinsa ya zauna fari fat, domin abin da ke bayansa fatar amarya ce da leshinta, in ba haka ba sai a riƙa hango bango ta cikin jikin mutum. Na biyun ya fi wahala: ko bayan an cire labulen, zaren da ya rage yana ɗauke da hasken kore da ya faɗo masa. Umarnin wanke launin gefe da ke cikin sashen gyaran zaɓi na Photoshop yana taimakawa a kan gashi, amma a kan mayafi mai faɗi dama launin yake yi ya bar dabbare-dabbare. Rage kore a hoton baki ɗaya kuwa zai kashe furannin leshin, kuma mata ba sa yafe wa wanda ya sauya launin ankonsu. Abin da ya yi aiki shi ne sabuwar leya da na maƙala wa ta mayafin kaɗai, na saita ta yadda za ta sauya launi ba tare da ta taɓa haske ba, na ɗebo farin daga inda mayafin ya ninku a kan gwaggwaro, na shafe sauran da burushi mai laushi.

Yanzu kafin kowane aiki ya bar hannuna, nakan shimfiɗa leya uku a ƙarƙashin wanda na ciro, baƙa da fara da kuma launin da ya yi hannun riga da tsohon bangon, in duba gefuna a kan kowacce da girman ɗari bisa ɗari. Farin shafi kaɗai yana ɓoye duk wani saura mai haske, shi ne ya ɓoye mini koren nan. Na kuma daina amfani da magogi, domin abin da aka goge ya tafi, maski kuwa ana iya dawowa a gyara ko bayan an rufe fayil. Masu aiki da wasu manhajojin gyaran hoto irin su GIMP ko Photopea suna da maski da canel su ma, hanyar ɗaya ce. Manhajojin waya masu cire bango da dannawa ɗaya sun isa ga hoton da za a kalla a tafin hannu, amma ba zan miƙa musu mayafin da za a buga a ƙafa takwas ba.

Masu situdiyo kuwa ina da roƙo a wurinsu, kuma na sha faɗa musu: idan an san hoton fileks za a yi da shi, a tsayar da amarya a gaban bango ruwan toka, a matso da ita gaba kamar taku uku don kada launin bangon ya faɗo mata a kaya. Koren labule yana da amfani ga masu bidiyo, waɗanda manhajarsu ke cire shi tare da wanke hasken da ya bari, amma a hoton amarya mai farin mayafi aiki kawai yake ƙara mana. Wanda ya kawo mini irinsa yanzu nakan gaya masa tun kafin in karɓa cewa kuɗin mayafi daban ne, kuma ba zan ba shi aikin a rana ɗaya ba.