Notin salansa na takwas

Noti takwas ne ke riƙe da bakin salansa a jikin kan injin motata, huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Bakwai sun ci mini kwana biyu. Na takwas shi kaɗai ya cinye mako guda.

Gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, ruwa ya fara gauraya da mai, na ce zan kwance da kaina a gida. Injin mai silinda huɗu ne, a gicciye yake zaune, ɓangaren salansa na fuskantar bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Tsakanin manifol, wato bakin salansar da ke manne da kan inji, da wannan bango da ƙyar tafin hannu ke shiga. Notunan sama ana ganinsu. Na ƙasa kuwa sai lalube da yatsa.

Babu notin da ke shan wuya a mota kamar na salansa. Kullum aka tayar da inji sai ya yi zafin da ya haura digiri ɗaruruwa, a kashe ya huce, ruwan sama da laka su same shi, gobe a maimaita. Shekara da shekaru a haka, tsatsa ta cika zaren, ta kuma ci jikin notin har ya rame. Noti mai lamba 12 sai ka tarar soket lamba 12, wato bakin sifana da ke rufa kan noti, na rawa a kansa. Ga kuma sitod ɗin da notin ke hawa, wato sandar nan mai zare da aka dasa a kan inji: ita ƙarfe ce, kan injin kuwa alminiyom, kuma alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Kullum suna cikin ja-in-ja.

Ranar farko ban juya komai ba. Na cire kan batir, na kwance faifan da ke kare zafi, na ɗaga motar na ɗora ta kan matokaran ƙarfe, domin ba na shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Na goge zaren kowane sitod da buroshin waya har ƙarfen ya bayyana, na fesa man da ke ratsa tsatsa, na bar shi ya kwana. Gogewar nan ta fi fesawar muhimmanci a wurina, don mai ba ya ratsa dunƙulen tsatsa, kuma notin da ya motsa sai ya bi ta kan wannan zaren kafin ya fita.

Washegari na bi su daga gefe zuwa tsakiya. Soket mai kusurwa shida na yi amfani da shi, saboda mai goma sha biyu bakin kusurwoyin kawai yake kamawa, nan da nan ya mulmule notin da ya riga ya rame. Kowanne sai na fara ɗaure shi kaɗan har na ji ƙas, sannan na dawo baya. Kwata guda baya, rabin kwata gaba, a fesa mai, a sake. Biyu sun fito tare da sitod ɗinsu, kuma hakan ba matsala ba ce.

Sai na ƙasa a can ƙarshe, wanda ke ɓoye a bayan bututun manifol. Ta sama hannu ba ya kaiwa, ta ƙasa sandar da ke juya taya ta tare hanya. Na haɗa sandunan ƙari biyu da gwiwa mai lanƙwasa, ƙanena na haska mini tocila ta sama, ni ina kwance a ƙasa. Na ji soket ya hau, na ja. Ya yi laushi, raina ya yi fari, na ƙara ja. Ashe laushin nan ba na noti ba ne, sitod ce ke murɗewa. Ta karye daidai fuskar kan inji.

Na daɗe ina juya guntun a hannuna. Wajen karayar fari ne tas, yana ƙyalli, kuma shatin soket a gefe ɗaya na notin kawai ya fito. Soket ɗin bai zauna daidai ba, gwiwar ta karkace da yawa, ƙarfin da na sa rabinsa lanƙwasa sitod yake yi maimakon juya noti. Abin da ya fi damuna shi ne hanya tana nan ban bi ba: da na kwance maɗaurin inji ɗaya na ɗan tura injin gaba, ko na cire taya na shiga ta ramin taya, da sanda ta miƙe sak. Aikin minti ashirin na guje wa. Yanzu in ban ga noti da idona ba, ko da ta madubi ne, in kuma yatsana bai tabbatar soket ya shige har gindi ba, ba na ja. Noti mai kwancewa yakan yi ƙara sannan ya saki, sitod mai karyewa kuwa shiru take yi tana laushi kamar tana miƙa wuya. Hannu na iya bambance su in aka saurara.

Da yake kan injin zai fita dama, na cire shi na ɗora a benci. Na so in huda guntun da ya rage a ciki in sa abin zaro karyayyen noti, sai wani dattijo mai walda ya hana ni.

"Ɗana, wannan abin ƙarfensa ya fi bakin injin huda tauri. In ya karye a ciki, ka ƙara wa kanka aiki."

Ya ɗora wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami, a kan guntun ya narka musu walda, ya ɗora noti a kai ya cike cikinsa. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, zafinta kuma yana sassauta tsatsar da ke zaren. Ya bari ya huce. Na farko ya ɓalle. A karo na biyu ya riƙa kai sifana gaba da baya a hankali, sai ga guntun yana fitowa, zaren ramin lafiya lau.

Wajen mayarwa na sauya sitod takwas ɗin duka da sababbi, na dasa su ta hanyar ɗaure noti biyu a kan juna, na shafa wa zaren waje man jan ƙarfe mai hana kamewa. Na duba fuskar manifol da miƙaƙƙen ƙarfe ko ta bauɗe, na sa sabon gaskit, na ɗaure daga tsakiya zuwa gefe a kan awon da littafin motar ya bayar. Manifol ɗin na ɗaura shi tun kan injin na benci, suka shiga tare. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau uku na sake bin notunan, na takwas ɗin ta ramin taya na kai gare shi, ya kuwa karɓi ɗan ƙarin ɗauri.